Yadda Ake Gane Ƙananan Bindigogin Yaƙi da Aka Ƙera wa Wata Ƙasa Bisa Kwangila

A yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, ƙasashe da dama sun kasa wadatar da sojojinsu da ƙananan bindigogi daga masana'antun gida. Faransa ta kai odarta Sifen, Ingila ta sayo daga Amurka har da Ajantina, Kanada kuma ta ƙera wa Sin. Shi ya sa za ka ga bindiga ɗaya, maƙerinta a wata nahiya, mai ita a wata. Masu tara kayan tarihi suna ji da irin waɗannan sosai, kuma darajarsu tana cikin ƴan hatiman da aka buga a jikin ƙarfen. Su ne tsagar gadonta, wanda ya iya karanta su ya san asalinta.

Kafin komai, doka. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, tsufansu bai fitar da su ba. Don haka mai sha'awa a nan gida zai yi nazarinsa ne ta gidajen tarihi, littattafai da hotunan kamfanonin gwanjo. Tara su a hannu sai inda doka ta yarda, kuma da lasisi.

Mataki na farko: tabbatar babu harsashi

Cire magazin, ja marfin sama (ƙarfen da ke zamewa a kan bututu) baya, ka leƙa ciki da idonka, hancin bindigar yana kallon inda ba kowa. Kada ka yarda da "ai ba komai a ciki" daga bakin kowa. Sannan ka nemi gilashin ƙara girma da hasken rana, don wasu hatiman ba su kai ƙwayar gero ba.

Mataki na biyu: wa ya ƙera, wane harsashi take ci

Sunan kamfani yawanci yana gefen hagu na marfin sama. Girman harsashi kan tona asirin wanda ya ba da oda. Colt M1911 ta sojan Amurka .45 take ci, amma wadda aka yi wa Ingila a yaƙin farko .455 ce, lambarta kuma tana farawa da W. Haka libarbar Smith & Wesson samfurin Victory: ta Ingila tana cin .38 S&W, ta Amurka .38 Special.

Mataki na uku: lambar siriyal

A nan aikin yake, kuma babu misalin da ya fi na Browning Hi-Power da kamfanin John Inglis ya ƙera a Toronto. Asalin bindigar ta kamfanin FN ce a Beljiyam, ta fito a 1935, tana ɗaukar harsashi 13. Da Jamusawa suka mamaye ƙasar a 1940 sai suka ci gaba da ƙera ta wa kansu. Dieudonné Saive, injiniyan da ya kammala zanenta bayan rasuwar John Browning, ya tsere zuwa Ingila, daga nan ya wuce Kanada. Tsakanin 1944 da 1945 Inglis ya fitar da kusan 150,000. Wato bindiga iri ɗaya ta yi wa ɓangarori biyu yaƙi a lokaci guda.

Duba tsakiyar lambar. In ka ga CH, ta kwangilar Sin ce: saitinta na baya, wato abin da ake auna hari da shi, mai ɗagawa ne, an yi masa maki har mita 500, bayan mariƙin kuma akwai tsaga inda ake zura kuben katako ya zama ƙota a kafa a kafaɗa. In ka ga T, ta sojan Kanada da Ingila ce, saitinta kafaffe. Amma CH ba ya nufin ta taɓa ganin ƙasar Sin, domin an dakatar da odar farko a 1944, da yawa suka koma hannun sojojin Kanada da Ingila.

Lambar tana wuri uku: jiki, marfin sama, da bututu, wanda ake hango shi ta tagar da kwanso ke fita. Dole ukun su zo ɗaya. Ga kuma abin da ya fi burge ni a bindigar nan: Inglis sai ya gama rina ƙarfen yake zana lambar, don haka a wadda ba a taɓa ba, lambobin farare ne tas a kan jiki mai ruwan toka. In ka tarar sun yi duhu kamar sauran jikin, an sake rina ta. Wasu har yau suna da ɗan sitika a gaban mariƙi, ganyen tambarin Kanada da sunan ƙasar cikin Turanci, Rashanci da Sinanci. Ana buga sabo a liƙa, saboda haka sitika sabo fil a kan bindigar da ta sha hannu abin tambaya ne.

Ballester-Molina ta Ajantina da Ingila ta saya tana da ƙarin lamba mai farawa da B a gefen dama.

Mataki na huɗu: hatimin mai karɓa

Sojan da ya karɓi kaya yakan buga nasa. Na Ingila kan kibiya ne mai faɗi, na Kanada kibiyar tana cikin harafin C. Na Jamus gaggafa ce da haruffan WaA da lamba a ƙasanta. Colt kusan 51,000 da Rasha ta saya a 1916 da 1917 an buga musu АНГЛ. ЗАКАЗЪ, wato odar Ingila, saboda ta hannun Ingila cinikin ya bi.

Ruby, fistol ɗin da Faransa ta yi odarta daga Sifen, sai an yi haƙuri da ita. A 1915 aka ba kamfanin Gabilondo y Urresti na garin Eibar a Sifen kwangilar 10,000 a wata, oda ta yi ta ƙaruwa har ƙananan maƙera da yawa suka shigo, magazin na wani ba ya shiga bindigar wani. Shi ya sa aka buga haruffan maƙeri cikin ɗan zagaye a bayan jiki ta hagu, aka maimaita a gindin magazin: GU na Gabilondo, EU na Esperanza y Unceta. Haruffan su dace. Taurarin da ke gindin mariƙi alamar karɓar Faransa ce.

Kada ka rikita waɗannan da hatiman da suka zo daga baya. Haruffan BNP da kambi hatimin gwajin birnin Birmingham na Ingila ne na lokacin da aka sayar wa farar hula, FTR kuma gyara ne a ma'aikatar soja.

Mataki na biyar: kama jabu

Kowace shaida sai ta gaskata ƴar'uwarta. Fistol ɗin Astra 600 ta Sifen guda 10,450 kaɗai suka isa hannun Jamusawa kafin hanyar Faransa ta toshe a 1944, don haka gaggafa a kan mai lambar da ta zarce haka nesa ƙarya ce. Star Model B, ita ma ta Sifen, guda 15,000 da Bulgeriya ta saya a 1943 da 1944 ba su da hatimin Jamus, amma ƴan damfara sun buga wa da yawa don farashi ya tashi. Wannan yana ɓata mini rai, domin sun lalata tarihin gaskiya don su sayar da na ƙarya. Nemo jerin lambobin kowace kwangila a littattafan masana, ka gwada siffar gaggafar da hoton ta asali: fukafukai, zurfin bugu, da wurin da aka saba bugawa.

Mataki na shida: adana

Kada ka goge da samfefa, kada ka sake rini, kada ka canja mariƙi don ya tsufa. Ɗan mai a tsumma ya isa hana tsatsa. Kar a bar ta cikin kuben fata, yana riƙe danshi. Ɗauki hoton kowane hatimi kusa-kusa, ka rubuta lamba, inda ta fito da takardun da suka zo da ita, ka ajiye tare da lasisin.