Ga masu son haɗa akwatin sifikar bes (mai fitar da sauti mai kauri) da kansu

'Yan uwa masu harkar sauti, kada ku yarda kafinta ya yi muku akwatin da MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam a matse. Yana da nauyin tsiya, kuma damina ɗaya ta isa ta kumbura shi. Ku nemi filawud mai kaurin milimita 18, wanda idan ka duba gefensa ba ka ganin ramuka tsakanin yadudduka.

Inda aka fi yin asara shi ne ciki. Akwatina na farko ban sa masa tokara ba, ranar wani biki na ɗora tafin hannu a jikinsa, sai na ji yana kaɗawa kamar ganga. Ƙarfin da ya kamata ya fita waje katako ne ke shanye shi. Ku gicciya katako daga bango zuwa bango, ku shafa gam a kowace mahaɗa kafin ɗauri, don iska kada ta sami wata kafa sai ramin da aka yanka mata.

Girman akwati da tsawon ramin iska kuwa, a bi takardar kamfanin sifikar. Mai inci 18 ba a yi mata ƙiyasi da ido.

A sa wa akwatin hannaye da tayoyi, don kada bayan yaran da ke ɗauka ya yi ciwo.