Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa jita mai hanyoyin sauti biyu

Masu gyaran kayan sauti sun saba karɓar jitar da aka ce ta lalace, alhali kuwa waya ce ba ta dace da ita ba. Jita irin Gibson ES-345 ko Rickenbacker mai mafitar Rick-O-Sound tana iya fitar da sautin na'urar ɗaukar sauti ta wajen wuya daban, ta wajen gada (inda tsirkiyoyi suke zama a jikin jita) daban, kuma hakan yana buƙatar fulogi mai zobe biyu baƙaƙe, wanda ake kira TRS. Fulogin mono, wato mai hanya ɗaya, zobe ɗaya gare shi. Idan aka cusa shi a soket ɗin sitiriyo, wato mai hanya biyu, jikinsa yakan haɗe hanya ta biyu da wayar ƙasa, sai na'ura ɗaya ta yi shiru. Girman fulogin duka milimita 6.35 ne, shi ya sa ido yake ruɗuwa, don haka a ƙirga zoben kafin a kwance jita.

Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi ɓata wa mutane lokaci. Jita mai batir na bolt 9, kamar mai na'urorin ɗaukar sauti na kamfanin EMG, tana da soket mai ƙafa uku, amma ƙafa ta uku makunnin batir ce, kuma fulogin mono ne yake kunna ta. Wayar sitiriyo tana iya hana ta aiki gaba ɗaya, barin waya a jiki bayan an tashi kuwa yana cinye batir.

A ganina kuskure mafi muni shi ne haɗe hanyoyin biyu da waya mai reshe don a mayar da su mono. A wasu jitocin hanya ɗaya ta na'urar maganaɗisu ce, ɗayar kuma ta fiyezo, mai ɗaukar sauti daga girgiza, wadda take son mashiga mai juriyar megaom 1 ko fiye, kuma idan aka gama ta kai tsaye da ta maganaɗisu sautinta yakan sirance. Kowace hanya ta shiga tasharta a miksa, ta fiyezo ta fara bi ta mashiga mai irin wannan juriya, a gauraya su a can. Idan sautin ya rame bayan an gauraya, a juya fuskar siginar tasha ɗaya da makunnin phase.

Kai hanyoyin biyu zuwa amfilifaya biyu kan jawo ƙugi. Maganinsa akwatin DI (ƙaramin akwati da siginar take bi ta cikinsa) ko taransifoma mai raba hanya, ba cire ƙafar ƙasa ta fulogin wuta ba, domin wannan yana iya kashe mai kiɗa. A lokacin hunturu kuma a riƙa goge soket, saboda ƙura kaɗai tana iya yanke hanya ta biyu.