Darasi na Tara: Kafin Ku Dangwala Yatsa a Takardar Fili

Cinikin fili ba irin cinikin akuya ba ne. Akuya in ka biya kuɗi sai ka ja ta gida, magana ta ƙare. Fili kuwa yana nan inda ka same shi. Abin da za ka tafi da shi gida takarda ce kawai da shaidu. Shi ya sa ake iya sayar wa mutum uku fuloti ɗaya, kowa yana barci yana ganin nasa ne, sai ranar da ɗaya ya sauke bulo rigima ta tashi.

Mu fara da doka. A Najeriya akwai Dokar Amfani da Filaye ta shekarar 1978. Ta ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna, amana ce yake riƙe wa jama'a. Filin birni gwamna ne ke ba da izinin mallakarsa, ta takardar da muke kira satifiket, wadda yawanci shekara 99 take yi in filin gida ne. Gonaki da filayen karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izininsu. Gwamnati tana iya karɓar fili don aikin jama'a, kamar hanya ko makaranta, ta biya diyyar gini da amfanin gona da ke kai.

Tambaya ta farko ba "nawa ne?" ba ce. Tambaya ta farko ita ce: wa ke da ikon sayarwa? Dillali ba shi ne mai fili ba. Aikinsa ya haɗa ku, ya karɓi la'adarsa. Ku ce sai kun ga mai filin ido da ido, kun ji yadda ya same shi: saya ya yi, gwamnati ta ba shi, ko gado ya ci?

In kun ji an ce gado, to ku zauna da kyau, domin a nan aka fi kuka. Sau da yawa uba zai rasu, babban wa ya ci gaba da noma gonar, har mutanen gari su riƙa kiranta da sunansa. Alhali ba a raba gado ba. Akwai ƙannensa, akwai 'yan'uwa mata da suke ɗakunan aurensu a wasu garuruwa, akwai matar mamaci, wataƙila da marayu ƙanana. Kowannensu yana da rabo. Wanda ya sayi gonar daga hannun babban wa shi kaɗai ya sayi shari'a, kuma haƙƙin marayu yana cikin abin da ya saya. Ku nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kuwa duk magada su zo su sa hannu, mata da maza. Ku sani kuma a fikihun Malikiyya akwai shuf'a: idan ɗaya daga masu tarayya ya sayar da rabonsa ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da ikon ya biya wannan kuɗin ya karɓe.

Sai bincike. Ku je filin da ƙafarku, da rana, ba sau ɗaya ba. Ku gaisa da maƙwabta na gabas da yamma, kudu da arewa, ku tambaye su na wane ne. Ku je wurin mai unguwa ko dagaci. Shaidarsu tana da nauyi ƙwarai, don sun san tarihin wuri, amma hatimin mai unguwa ba ya zama satifiket. In filin yana da takardar gwamnati, ku ɗauki lambarta ku kai ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja. A can za a duba ko sunan da ke takardar shi ne ke cikin rajista, da ko an jinginar da ita a banki, da ko akwai bashin kuɗin ƙasa. In awon igiya ne, wato filin da ba gwamnati ce ta yanka ba, ku bincika kada ya zama ya hau kan hanya, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Ku sa safiyo ya auna ya kafa turaku. Kada ku ba da ko kafin alƙalami sai an gama wannan. Wanda ke ce muku "ku yi sauri, wani na zuwa da kuɗi gobe", ku bar wa wanin.

Yanzu ranar ciniki. Allah ya umarce mu a Suratul Baƙara, aya ta 282, mu kafa shaidu idan mun yi ciniki. A rubuta cikakken sunan mai saye da mai sayarwa, da inda filin yake, da tsawonsa da faɗinsa, da sunayen maƙwabta huɗu, da kuɗin da aka biya cikin lamba da cikin kalmomi, da kwanan wata. Kowane ɓangare ya zo da shaidunsa, kuma ya fi kyau a sa matasa a ciki, don shaida ta daɗe. A biya ta banki, a adana rasit. Kai kuma mai sayarwa, kada ka miƙa takardunka na asali sai kuɗinka sun cika.

Ga abin da na fi so ku riƙe, ku da kuka fara karatu da girma. Kada kunya ta sa ku dangwala yatsa a takardar da ba ku san abin da ke ciki ba. An sha kai wa mutum takarda a ce ta jingina ce, ashe ta sayarwa ce. Akwai doka mai kare wanda bai iya karatu ba: duk wanda ya rubuta masa takarda dole ya sa sunansa da adireshinsa a kai, kuma a karanta masa, a fassara masa da harshen da yake ji kafin ya sa hannu. Ku zo da naku mai karatun, ɗanku ko wani amintacce, ba na wancan ɓangaren ba. In takardar da Turanci take, a maimaita muku har sau biyu.

Bayan biya akwai sauran aiki, kuma nan mutane da yawa ke tsayawa. Doka ta ce ba a sauya hannun filin da ke da satifiket sai da amincewar gwamna, na karkara kuma sai da ta ƙaramar hukuma. Lauya zai rubuta takardar sauya mallaka, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista da sunanku. Akwai kashe kuɗi da zirga-zirga, gaskiya ne, amma in ba a yi ba, sunan tsohon mai fili ne ke nan a littafin gwamnati.

Aro da jingina da kyauta ma a rubuta su, ko tsakanin wa da ƙane ne. Su biyun sun san gaskiya, 'ya'yansu ne ba za su sani ba.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunayen maƙwabtan gidansa ko gonarsa na kusurwa huɗu. Sannan ya rubuta naira dubu ɗari takwas da hamsin cikin lamba. Wanda yake da tsohuwar takardar ciniki a akwati ya zo da ita mako mai zuwa, mu karanta tare, mu ga abin da aka manta ba a sa ba.