Ɓarnar da masu koyon gyara ke yi wa iPod Classic

Tun 2014 kamfanin Apple ya daina ƙera iPod Classic, na'urarsa ta aljihu ta sauraron waƙoƙi, saboda haka in ka lalata wanda aka kawo maka, babu sabo a kanti da za ka biya mai shi. Amma yaran da suka saba da gyaran waya sai su ɗauka duk ɗaya ne, su yi masa riƙon sakainar kashi.

Babbar ɓarnar wajen cire fileks ɗin batir ake yin ta, wato siririyar wayar nan mai faɗi kamar zirin leda. Da ka raba murfin baya da na gaba, fileks biyu ne sirara ke riƙe da su, na batir da na ramin iyafis. Na batir yana shiga wani ɗan soket mai makulli, soket ɗin kuwa 'yar dalma ce kaɗai ta riƙe shi a jikin inji, wato allon lantarkin da ke ciki. Makullin sama ake ɗaga shi a miƙe, milimita ɗaya ko biyu, fileks ya zare salin alin. To ku me kuke yi? Ku cusa sukundireba ku banƙare, soket ya tuge har da layukan tagullar da ke ƙarƙashinsa. Haka wani yaron shagona ya kashe min inji lafiyayye na iPod Video ɗan 2006, irin wanda masu kunne ke nema ruwa a jallo saboda sautinsa, ni na biya daga aljihuna. Haba! Wane sauri ake yi? Ni dai da yatsa nake danne gindin soket ɗin, in ɗaga makullin da tsinken roba, kuma ba na barin ƙarfe ya kusanci wurin ko kaɗan.

Sai masu cire faifan ajiya su sa adafta ta memori ba tare da sun duba wane samfuri ke hannunsu ba. Na 2007 da na 2008 ba sa ganin abin da ya wuce 128GB da manhajar Apple, ko memori nawa ka cusa. Siririn nan mai 160GB na 2009 ne ba shi da wannan iyaka. Shi kuma iPod Video mai 30GB, RAM ɗinsa 32MB ne kacal, in waƙoƙi suka doshi 20,000 sai ya riƙa daskarewa yana kashe kansa. Kun sa mutum ya sayi memori mai tsada, ga shi rabi a banza. Kuma don Allah ku gwada komai kafin ku rufe. Samfurin 2007 zuwa sama ƙugiyoyin ƙarfe ne ke riƙe da murfinsa, kowace buɗewa sai ta bar lanƙwasa a bayan.

Kafin ma ka yanke wa faifan hukunci, ka danne Menu da maɓallin tsakiya har tambarin Apple ya fito, sannan tsakiya da na komawa baya. A shafin gwajin da zai buɗe ka duba Reallocs da Pending, wato ƙidayar wuraren da suka samu matsala a faifan. In lambobin sun yi yawa, faifan ya gaji.

Kada ka danna Restore a iTunes, manhajar Apple ta kwamfuta, kafin ka kwashe waƙoƙin mai shi daga ɓoyayyar folda iPod_Control, komai zai goge. Batir mai kauri ba ya shiga siririn murfi, in ka matsa sikirin ne zai ji a jikinsa. Wanda ya kumbura kuwa ba a huda shi, wuta yake kamawa. Samfuran 2001 zuwa 2003 ba sa caji da USB, wayar caji irin ta FireWire suke so, don haka ku daina ce wa mutane sun mutu.