Darasi na Shida: Lafiyar Mai Jinyar Mai Ciwon Baifola

Ciwon baifola ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke juya mutum tsakanin hali biyu. Idan ya tashi, mara lafiya kan daina barci ba tare da ya ji gajiya ba, ga surutu ba ƙaƙƙautawa, ga ɓarnar kuɗi, ga saurin faɗa, yana ganin babu kamarsa. Wannan yakan kai mako guda ko fiye. Idan kuma ya sauka, sai matsananciyar damuwa ta kama shi ta mako biyu ko ma watanni: ya ƙule a ɗaki, ya ƙi abinci, ya ƙi wanka, wani lokaci har ya ce gara mutuwa. Tsakanin waɗannan biyun yakan koma garau, ya ci gaba da sana'arsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum kusan miliyan 40 ne ke da shi a duniya.

Jinyarsa ta shekaru ce, kuma a yawancin gidaje mutum ɗaya take faɗa wa, uwa ko mata ko yaya. Kowa ya shigo sai ya ce "ya mai jiki?", da wuya a sami wanda zai tambayi mai jinyar yadda ta kwana. Wannan darasin nata ne, da na duk namijin da nauyin ya hau kansa.

Barci

Abin da ya fi kayar da mai jinya rashin barci ne. Baligi na buƙatar awa 7 zuwa 9 a dare. Lokacin da ciwon ya tashi, mara lafiya na iya kwana yana zirga-zirga, yana buɗe ƙofa, yana kunna rediyo, mai jinya kuma idonta biyu don tsoron kada ya fita. Kwana uku ko huɗu a haka, sai ciwon kai, mantuwa da zafin rai su biyo baya. A nan ake rikita lokacin magani, a nan ake mayar wa mara lafiya da baƙar magana, shi kuma ya ƙara hawa.

Saboda haka a raba dare biyu. Mutum na farko ya tsare daga ƙarfe 9 na dare zuwa ƙarfe 2, na biyu ya karɓa daga 2 zuwa 7 na safe. Wanda ya sauka ya tafi wani ɗakin, ko ma gidan maƙwabta, ya bar waya. Kwanciya a ƙofar ɗakin mara lafiya da kunne a buɗe ba hutu ba ne. Awa biyar a jere, a haɗa da ƙailula bayan azahar, sun fi gyangyaɗin dare guda amfani nesa ba kusa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka tun yana lafiya za a zauna da dangi a ambaci sunaye: wane daren Litinin da Alhamis, wance rakiyar asibiti, wane kuɗin mota. Idan aka tsaya a "duk za mu taimaka", ranar da abin ya zo ba za a ga kowa ba.

Mai jinya ta bar goro, kofi da shayi mai ƙarfi daga la'asar. Kada ta sayi ƙwayar barci a kemis ba da takardar likita ba, domin irin su diyazafam jiki na sabawa da su cikin 'yan makonni, barinsu kuma ya zama aiki. Haka taramol da wasu ke sha don su jure gajiya. Mafi haɗari shi ne ta ɗauki ƙwaya daga maganin mara lafiya don ta ga yana sa shi barci.

Akwai kuma dalili na musamman ga 'yan uwa na jini. Wannan ciwon yana bin dangi, rashin barci kuma yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi. Ƙanwa ko ɗa da ke jinya, idan suka ga sun yi kwanaki ba barci amma ƙarfi sai ƙaruwa yake, su faɗa wa likita.

Jikin mai jinya

Tunda dai ana zuwa asibiti da mara lafiya, kada a dawo ba a auna mai rakiyar ba. A roƙi nas ta auna hawan jini, minti biyu ne. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku biyu daban, sai a yanki kati a ga likita. Hawan jini ba ya yawan nuna alama, shi ya sa ba a jiran sai an ji wani abu. Mai ciwon suga ko hawan jini ta ajiye maganinta wuri dabam da na mara lafiya, ta sha nata a daidai lokacin da take ba shi nasa, don kada ta manta. Mai juna biyu kada ta fasa zuwa awo saboda jinya, kuma kada a bar ta ita kaɗai da mara lafiyar da ya harzuƙa.

Abinci sau uku, ko da ɗumame ne da safe. Tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako, ta isa. Zuwa kasuwa ko Islamiyya a ƙafa ma duk lissafi ne. Kuma a ware mata yini guda a mako, ko wuni bai samu ba a ba ta awa huɗu, ta je gidansu, ko suna, ko wurin ƙawa. Wasu kan ji kunyar fita alhali ɗansu na kwance. Wannan kunyar ba ta da wuri.

Ita ma damuwa na iya kama ta. Idan ta yi mako biyu cikin baƙin ciki, abin da take so da ya fita ranta, kuka ba dalili, abinci ba ɗanɗano, ko ta fara tunanin gara ba ta raye, to ta wuce gajiya, ciwo ne mai magani. Ta gaya wa likitan da ke duba mara lafiyan, aikinsa ne. Jin haushin mara lafiya kuwa, har a ji kamar a gudu a bar shi, yana faruwa ga masu jinya da yawa, kuma ba alamar rashin imani ba ce.

Sanin magani yana rage wahala

Kowane tashi da aka kauce wa, makonni ne na hutu ga mai jinya. Babban abin da ke dawo da ciwon shi ne barin magani don an ga sauƙi. A koma karɓo wani maganin tun saura na kwana 7.

Mai shan litiyam, ɗaya daga cikin magungunan baifola, yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, da gwajin ƙoda da na tayirod (ƙwayar da ke cikin wuya), yadda likita ya tsara. Ƙarancin ruwa a jiki na sa maganin ya taru a jini, don haka amai, gudawa da zafin bazara abin lura ne. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak ma suna tara shi. Idan aka ga hannu na karkarwa sosai, tafiya da tangaɗi, harshe ya yi nauyi, a dakatar da maganin a nufi asibiti a ranar. A tuntuɓi likita tun watan Sha'aban game da azumi, saboda ƙishirwa da kuma sauyin lokacin barci. Balfurowet, wani maganin baifola, yana iya nakasa ɗan da ke ciki, don haka macen da za ta iya ɗaukar ciki ta yi magana da likita tun kafin cikin. Maganin olanzafin kuma kan buɗe cin abinci ya kawo ƙiba da suga. Makonnin farko bayan haihuwa lokaci ne da ciwon ke yawan tashi, sai a nemo wanda zai riƙa karɓar jariri da dare.

A sayi ƙaramin littafi. Kullum da safe a rubuta kwanan wata, awa nawa mara lafiya ya yi barci, da ko ya sha magani. A gefe mai jinya ta rubuta nata awannin. Idan barcinsa ya ragu sosai dare biyu a jere kuma bai gaji ba, a je asibiti, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.

Kuɗi da tsaro

Lokacin tashi, mutum na iya rabar da jarinsa a yini ɗaya ko ya sayar da babur a wulaƙance. Yana cikin hayyacinsa za a yi yarjejeniya da shi a gaban wani babba: idan alamu suka bayyana, wane ne zai riƙe katin banki da takardun fili har ya dawo daidai. Kuɗin maganin wata a ware shi daban. Mai jinya kada ta saki sana'arta ko adashenta.

Idan ya harzuƙa, gardama ba ta da amfani, ko da ya ce shi ne sarkin gari. A sassauta murya, a kashe rediyo da talabijin, a rage taro, a yi magana gajeriya. Mai jinya ta tsaya ta wajen ƙofa, kada ya shiga tsakaninta da mafita. A kai yara maƙwabta. A kawar da wuƙa, adda, ashana da makullin abin hawa. Fiya-fiya, maganin feshin gona da ƙwayoyi su shiga akwati mai kwado, musamman lokacin damuwa. Wanda ya ambaci kashe kansa ba a barinsa shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Idan ya kai duka, ta fice ta nemi maza, ko a kira 112 a Najeriya. Ɗaurewa da mari ko sarƙa yana jawo gyambo da ƙiyayya, kuma ba ya sauke ciwon. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin masu irin wannan lalura.

Za a sami masu cewa iska ce ko sammu. Addu'a da karatu suna kwantar wa gida hankali, a yi su. Amma duk wanda ya ce a ajiye ƙwayar asibiti, ko a yi duka, ko a hana abinci, kada a biye masa. Ba dole ba ne mai jinya ta yi wa kowa bayani. "Yana ganin likita, da sauƙi, mun gode" ya isa amsa.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ga kuma sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Wanda ke nesa ya fara da babban asibiti mafi kusa, su za su tura shi gaba.

Aikin gida

Rubuta sunayen mutum uku da za su iya karɓar jinya da dare, da ranar kowannensu. A ƙasa ka rubuta alamu uku da mara lafiyanku ke fara nunawa kafin ciwon ya tashi. Sannan ka ja layi biyu a littafinka, ɗaya na barcinsa, ɗaya na mai jinya, ka cika su tsawon kwana 7, ka zo da littafin aji mako mai zuwa.