Kurakuran da ke lalata kwikwiyon farauta tun bai san sawun muzurun daji ba

Duk shekara da an gama girbi daji ya buɗe, sai ka ga samari sun fito da kwikwiyoyi 'yan wata biyar a igiya, kowa na cika bakin nasa ya isa shiga daji. Kafin sanyi ya wuce da yawansu sun lalace. Wani ya zama matsoraci, wani ya koma korar awakin mutane, wani idonsa ɗaya ya tsiyaye. Sai a ɗora wa kare laifi, a ce ba shi da asali. Galibi asalin lafiya lau yake, mai shi ne ya ɓata shi, kuma kurakuran nan dai su ne ake ta maimaitawa.

A fara sanin abin da ake bi. Muzurun daji nauyinsa tsakanin kilo 3 ne zuwa 6, ya fi kyanwar gida tsawon ƙafa, launinsa toka-toka kamar rairayi, bayan kunnuwansa ja-ja, wutsiyarsa da zobba baƙaƙe. Da dare yake yawo. Warin da yake bari a ƙasa kaɗan ne ƙwarai idan ka kwatanta da na jibda ko na dila, ga shi ba ya tafiya a miƙe: ya bi ta kan dutse, ya hau kututture, ya dawo ta kan sawunsa, ya yi tsalle gefe. Karen da zai bi irin wannan dabba da hancinsa zai ci abinci, hanci kuwa a hankali yake nuna, kamar 'ya'yan kanya.

Kuskuren da ya fi ɓata min rai, wanda kuma ya fi kowanne cin karnuka, shi ne jefa kwikwiyo gaban muzuru mai rai wai don ya ɗanɗana jini ya yi zuciya. A kamo muzuru a tarko, ko a ɗauko kyanwar gida a ɗaure mata ƙafa, a kewaye ana ihu ana tura kwikwiyo. Haba jama'a! Kare ɗan wata biyar ko haƙoran yarinta bai gama zubarwa ba, na girma sai wajen wata 6 zuwa 7 suke cika baki. Shi kuwa muzuru idan ya rasa hanyar gudu kwanciya yake yi rigingine, ya rungume kan kare da ƙafafun gaba, ya dinga yagar sa da na baya, kuma ido da hanci yake nufa. Cikin ƙiftawar ido an gama. Abin da zai biyo baya ɗayan biyu ne. Ko kwikwiyon ya tsorata har abada, duk ranar da ya ji warin muzuru ya matse wutsiya ya dawo bayan ƙafarka, wani ma ya fi haka wayo, zai ji warin sarai amma ya ɗauke kai kamar bai ji ba, ku wuni kuna yawo kana cewa yau daji ba kowa. Ko kuma ya ci nasara ya ɗauka aikinsa kokawa ne, ya daina sa hanci a ƙasa, ya dinga faɗa wa duk abin da ya gani har ranar da zai faɗa wa beguwa ko gadu. Ban da haka zalunci ne tsagwaronsa. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Sannan karen da ya fara da kyanwar gida, kyanwoyin maƙwabta zai ƙare a kai, kai kuma ka ƙare a gaban mai unguwa.

Gyaran shi ne ka bi shekarun kare. Kada a raba shi da uwarsa kafin sati 8. Daga nan zuwa wata 4 aikinsa uku ne kacal: ya san sunansa, ya zo idan ka yi fito, ya saba da igiya. A wannan lokacin ne za ka dinga zama da shi cikin kaji da awaki da kyanwar gida har su zame masa kamar turmi da taɓarya, abin da ake wucewa ba a dubawa. Wata 4 zuwa 6 ka dinga fita da shi bayan gari, tafiyar rabin awa, ya tsallake ƙorama, ya shiga sabara, ya ji ƙarar ƙaho. Wata 6 a fara jan fata, wato a ja fatar muzuru a ƙasa ya bi warinta. Sawu na gaske sai wata 9 zuwa 10, yana cikin igiya. Sakin sa ya bi da kansa har ya tsayar da muzuru, ni dai ba na yi sai ya cika shekara, domin kafin nan gaɓoɓinsa ba su gama ƙwari ba, gudu mai tsawo a busasshiyar ƙasa yana bar masa ɗingishin da ba ya warkewa. Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta, to horonsa ma haka ne.

Kuskure na biyu a girma shi ne barin kwikwiyo ya kori duk abin da ya motsa. Zomo ya tashi, kare ya bi, mai shi yana tsalle yana kirari, wai karensa ya fara aiki. Ɗan'uwa, a ranar ka sayar da karen muzuru ka sayi karen zomo. Warin zomo da na kurege da na gafiya suna ko'ina, ga daɗin kora da ido. Wane kare ne zai bar wannan ya tsaya warware sawun da aka taka tun tsakar dare? Da ya kori zomo sau uku ko huɗu an yaba masa, duk lokacin da sawun muzuru ya yi masa wuya zai sauka ya hau na zomo, kai kana biye kana haki, ka ɗauka kuna kan hanya. Abin takaici, masu yin haka su ne kuma za su dawo su lakaɗa wa karen duka bayan ya dawo da kansa, alhali a tunanin kare dawowar ce aka dake shi a kai. Gobe ka yi fito har bakinka ya bushe, ba zai zo ba. Wa ya koya masa? Kai.

Yadda nake yi: igiya mai tsawon mita 10, in kai shi da gangan inda na san zomaye ke kiwo. Da ya sa hanci a sawun zomo ya fara kaɗa wutsiya, a daidai lokacin, ba bayan ya yi taku goma ba, sai fizga ɗaya da tsawa ɗaya, “bari!”, mu wuce. Ba duka, ba surutu. A ranar kuma, kafin mu koma gida, sai na ɗora shi a kan warin muzuru na yaba masa sosai, don ya gane ba shinshinar ce laifi ba, zaɓin ne. Wanda ya hana kawai bai nuna abin da yake so ba, zai sami kare mai tsoron sa hanci a ƙasa gaba ɗaya. Wannan darasi yakan ɗauki sati 3 zuwa 6, kuma kowace shekara sai an ɗan tuna masa a farkon fita. Haka nan kada ka haɗa shi da garken karnukan farautar gayya. A cikin karnuka ashirin kwikwiyo ba ya koyon komai sai bin wutsiyar na gaba da haushin banza. Tsohon kare guda ɗaya, mai sanyin tafiya, wanda ka tabbata muzuru kawai yake bi, ya ishe shi malami. Bayan fita biyar ko shida kuma ka bar tsohon a gida, in ba haka ba ƙaramin zai zama ɗan rakiya har ya tsufa.

Jan fata ma ana ɓata shi. Mutum ya ɗauko fatar da aka jeme ko aka zuba wa gishiri da toka, wadda ba abin da ya rage a jikinta sai warin jima, ya ja ta a bayansa a kan sawun ƙafarsa, kare ya bi tiryan-tiryan, a yi ta murna. Warin mai gidansa ya bi. A nemi ɗanyar fata da aka shanya a inuwa, ko tsumman da aka goga a makwancin muzuru ko inda ya yi fitsari, a ajiye a leda a ɗaure. A ɗaura a bakin gora mai tsawo, wani daban ya ja ta can gefe da inda yake takawa, kare kuma kada ya ga ana ja. Ranar farko taku 30 a miƙe, a ɗora shi nan take. Sai a ƙara zuwa taku 100, sannan 300 da lanƙwasa biyu ko uku a tsakiya. Daga nan a dinga barin sawun ya huce: minti 10, rabin awa, awa ɗaya, awa biyu. Wani lokaci a ɗaga fatar sama na tsawon taku biyar sannan a sauke, don ya koyi neman inda sawu ya yanke. A ƙarshe a rataye fatar a reshen da ya fi ƙarfin tsallensa, idan ya ɗaga kai ya yi haushi a ba shi tsokar nama a wurin. Minti 15 ya isa, sau biyu ko uku a mako. Kuma kada jan fata ya wuce sau goma sha biyar, bayan haka wasa ya zama, kare ya haddace.

Sai lokacin fita. Ka fito da kwikwiyo da hantsi a tsakiyar hunturu, iska busasshiya tana kaɗawa, ƙura ta toshe masa hanci, sannan ka ce ba ya jin wari. Danshi ne ke riƙe wari a ƙasa, rana da iska su kwashe shi. Ka fita bayan sallar asuba, raɓa na kan ciyawa, ka nufi bakin fadama ko gefen rafi inda ƙasa ke da laima. Ƙarshen damina zuwa kaka ya fi kowane lokaci daɗin koyarwa. Dajin da aka ƙona kuwa kada ka kusance shi da ƙaramin kare, toka tana kashe hanci, garwashin da ke ƙarƙashi yana ƙona tafin ƙafa.

Da yawa kuma su kansu ba su san sawun ba. Na muzuru a zagaye yake, yatsu huɗu, babu alamar farce domin yana janye faratansa idan yana tafiya. Na dila da na kare sun fi tsawo kuma farce na fitowa a gaba. Ka durƙusa ka duba inda yatsun suka fuskanta kafin ka ɗora kare, domin ƙaramin kare yakan bi sawu ta baya, ya nufi inda muzuru ya fito. Idan ya yi haka ka juya shi a hankali ka raka shi taku ashirin ta daidai. Idan ka ga ƙananan sawaye a gefen babba, uwa ce da 'ya'ya, ɗauke karenka ku canja hanya.

Idan sawu ya ɓace masa, yi shiru. Wannan ya gagari mutane. Kare yana zagaye yana neman inda warin ya ci gaba, mai shi yana “kama shi, ga shi nan, cafke!” har ya ɗago kai yana kallon mutum maimakon ƙasa. Ka tsaya cik a inda ya ji warin ƙarshe, ka ba shi minti biyar. Idan ya gaza, ka zagaya da shi da'ira mai faɗin taku 20, sannan 40. Haka a gindin itace: muzuru yakan hau tsamiya ya bi reshe ya dira ta can, ko ya tsallaka wata bishiyar. Kada ka yaba wa haushi sai ka ga dabbar da idonka. Ka yaba wa itacen da ba kowa sau biyu, ka sami maƙaryacin kare wanda duk inda ya gaji zai zaɓi bishiya ya yi ta haushi. Idan muzuru ya shige suri ko kogon dutse, janye kare, kada ka bari ya cusa kai, ramin nan ba ka san ko kububuwa ce ta riga shiga ba.

Sauran ƙanana ne amma suna ciwo. Hana kare abinci kwana biyu don ya yi zafin nema ƙarfinsa kawai yake ragewa, a ba shi cikakken abinci da yamma, a fita da safe ciki ba nauyi. Tuwo da dusa kaɗai ba sa gina kare, sai da nama ko kifi ko ƙwai. Zuba barkono ko albarushi a abinci ba ya sa zuciya, hanji yake ci. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soki ciki. A riƙe gorar ruwa, a shayar da shi duk bayan awa guda. Da an dawo a duba tsakanin yatsu saboda ƙarangiya da tsidau, a duba kunne da wuya saboda kaska. Maganin kaskar shanu da ake damawa da ka a wanke kwikwiyo ya kashe karnuka ba adadi, haka ma ƙwayar ciwon jiki ta mutane. Maganin tsutsar ciki duk wata har ya kai wata 6, daga nan duk wata 3.

Allurar ciwon hauka kuwa ba ƙaramin abu ba ce ko da na sa ta a nan. Daga wata 3 ake yi, a maimaita duk shekara, kuma ana samun ta a asibitin dabbobi, cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos ma tana sarrafa ta. Karen da ke haɗuwa da dila da muzuru a daji, ya dawo ya kwanta inda yara ke wasa, bai kamata ya fita ko sau ɗaya ba tare da ita ba. Idan muzuru ya cije shi, ramin haƙorin ƙarami ne, bakinsa yakan rufe da wuri ya tara mugunya a ciki bayan kwana biyu ko uku. A aske gashin wurin, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a kai wa likitan dabbobi. Idan kai aka ciza, wankin dai shi ne, sannan asibiti a ranar.

A kuma san inda ake sakin kare. Yankari da Kamuku da Falgore da makamantansu wuraren da doka ta hana farauta ne. Muzurun daji kuma yawancin abincinsa ɓeraye ne, yana yi wa manomi aiki a gona ba a biyan sa. Wanda ya saba da akurki, yana ɗauke kaji da 'yan zabbi dare bayan dare, shi ake ɗora wa kare, kuma sawunsa daga bakin akurkin da asuba shi ne mafi kyawun sawun farko ga kwikwiyo, domin sabo ne kuma ka san inda ya fara.