Yadda ake kai wuta ɗakin talaka, daga gidan haya na Aboabo har ƙauye

Shekara 22 ke nan ina aikin wayarin a Kumasi ta ƙasar Ghana, yawanci a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, wani lokaci kuma a ɗauke ni zuwa ƙauyukan hanyar Ejura. Tambayar da ta fi tare ni a ƙofar masallaci ita ce: "Malam, yaya zan yi in samu mita tawa ni kaɗai?" Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta.

A fara sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Madatsar Akosombo da aka gama a 1965 tana hannun VRA, hukumar kogin Volta mai samar da wuta, kamfanin GRIDCo ke ɗauko wutar a manyan wayoyi, amma mai kawo ta ƙofar gida shi ne kamfanin ECG a kudu, NEDCo kuma a arewa, su Tamale da Bolga da Wa. Farashi hukumar PURC ke yankewa, saboda haka rigima da mai karanta mita a kan tsada ɓata bakinka ne kawai.

Akwai wata Hajiya mai koko da ƙosai a unguwarmu. Gidan da take haya ɗaki 14 ne, mita ɗaya. Ƙarshen wata sai a zauna a tsakar gida a ƙirga maki: ƙwan fitila maki ɗaya, fanka kaza, firji kaza. Mai dutsen guga ya ɓoye shi a ƙarƙashin gado, mai hita ya rantse bai taɓa ganin ta ba. Ita kuwa Hajiya ƙwai biyu gare ta da fanka da rediyo. Ta ce mini, "Ɗana, ni da ba ni da ko talabijin, don me kuɗina ke hawa kullum?" Na ce, "Hajiya, wutar wasu kike biya, kuma a farashin masu hali."

Ga dalili. Akwai farashi mai rahusa da aka ware wa wanda bai wuce yunit 30 a wata ba. Da 50 ne, aka rage shi zuwa 30 a 2022. Amma mita ba ta san ɗaki nawa ke bayanta ba, jimla kawai take gani. Da gidan mutum 14 ya haɗu a kanta, cikin kwana biyu an haye 30, rahusar da aka yi don talaka ta wuce shi ke nan. Wannan ya sa nake ce wa duk mai ƙaramin ƙarfi ya sa raba mita a gaban sayen talabijin.

Matakin farko maigida ne. Ka je da girmamawa, ka nemi ya rubuta maka takardar yarda, don ba za a kafa mita a bangon mutum ba da izininsa ba. Wasu masu gida na tsoron a yi wa bango huji goma. Ka nuna masa cewa daga ranar ya huta da rabon faɗa, kuma bashin ɗan haya ba zai ƙara hawa kansa ba. Da wuya ya ƙi.

Sai wayarin, inda mutanenmu suka fi yin tuntuɓe. Tun dokar wayarin ta 2011, wanda Hukumar Makamashi ta ba shaida ne kawai zai ja waya ya sa hannu a takardar da za ka kai ofis. Ka ce ya nuna maka katinsa, ba rashin kunya ba ne. Ɗakin da zai samu mitarsa dole a raba layinsa da na sauran gidan, a sa masa ɗan akwatin bireka nasa. Wayar fitila mai kaurin milimita sikwaya 1.5, ta soket 2.5, sannan a kafa ƙarfen ƙasa, wanda ke janye wutar da ta kauce ya kai ta ƙasa, a haɗa shi da kyau. Ranar da na buɗe silin ɗin Hajiya, abin da na tarar siririyar wayar sifika ce wani ya ja wa soket da ita, an ɗaure mahaɗar da ledar burodi. Ledar ta narke ta manne da katako, katakon ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Allah ne kawai ya tsare gidan. In za ka sayi waya a kasuwa, ka sa a fere bakinta a gabanka: jan ƙarfe na gaske ja ne har ciki, na jabu kuwa da an kankare sai fari ya fito. Araha ba ta ado, a nan ma gobara take jawowa.

Da takardar mai wayarin, da ta maigida, da Ghana Card ɗinka, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da lambar adireshin gidan ta GhanaPost GPS, sai ka nufi ofishin da ke kula da yankinku da ƙafarka. Za su zo su duba, su ba ka lissafi, ka biya, ka karɓi rasit. Rasit ɗin nan ka adana shi kamar takardar fili. Akwai samari masu tsayawa a bakin hanya suna cewa za su fito maka da mita cikin kwana uku. Wani maƙwabcina ya ba irinsu kuɗi, aka kawo masa mitar da ba ta cikin rajista, ƙarshenta aka cire, ya yi biyu babu. Layin ofis na iya cin lokaci, amma mitar da ta fito ta can taka ce.

In ta zo, ga lissafin zama ƙasa da 30. Ƙwai uku na LED masu wat 9, awa shida kullum, yunit 5 ne a wata. Fanka mai wat 60, awa takwas a dare, wajen 14 da rabi. Ƙaramin talabijin mai wat 50, awa huɗu, yunit 6. Cajin waya bai fi ɗaya ba. Ka ga an tsaya wajen 26. Dutsen guga kuwa awa ɗaya yunit ɗaya yake lashewa, butar lantarki ta ninka haka. A tara guga a yi sau ɗaya a mako, ruwan wanka kuma a bar wa gawayi.

Na ƙauye daban ne, don can turke ma babu. Gwamnati ta kafa shirin kai wuta ko'ina a ƙasa a 1989, a cikinsa kuma akwai na taimakon kai da kai da ake kira SHEP. Sharaɗin da aka kafa shi a kai: garin kada ya wuce kilomita 20 daga babban layi, mutanen gari su tanadi turakun cikin gari, kuma a ƙalla kashi ɗaya cikin uku na gidaje su gama wayarin. In kuna da dangi a irin wannan gari, ku fara da kafa kwamiti wanda sarki da liman da shugabar mata ke ciki, a buɗe littafin karo-karo, a rubuta takarda ta hannun ɗan majalisar yankin zuwa majalisar gunduma. 'Yan garin da ke Kumasi da Accra su ma a bi su da littafin, galibi aljihunsu ya fi nauyi.

Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Yaro, mu jira wuta ta iso tukuna, sannan mu yi wayarin." Na ce, "Baba, ranka ya daɗe, ai sai an ga wayarin ake kawo ta." Muka shawo kan gida 20 suka haɗa kuɗi, aka sayo waya a dunƙule, na kwana tara a garin ina bin su ɗaki ɗaki. Sari ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuɗin motata ma sau ɗaya aka biya.

Inda layi ya yi nisa, kamar tsibiran Volta, sola ce mafita. A Pediatorkope kusa da Ada an kafa ƙaramar tashar sola da ke ba gari wuta. Mai sayen ta gida kuma ya sa idonsa a kan batir, don shi ke fara mutuwa: kada a bari ya zuƙe ƙaf, a ajiye shi a inuwa, a riƙa goge ƙurar hunturu daga kan faifan solar.

Hajiya dai mitarta na nan a gefen ƙofa cikin ɗan akwati mai kwaɗo. Jikanta ke saya mata yunit ta waya, ita kuma kowace Juma'a sai ta sa shi ya karanta mata abin da ya rage.